Lita Goma Sha Biyar

Ranar Juma'a, tsakanin tafiyar mutane masallaci da saukowarsu, aka kwashe gonar Alhaji Nu'uman da ke hanyar Baure. Ba hatsi aka ɗauka ba, gero ma bai isa yanka ba. Injin famfon sola aka zare daga rijiyar burtsatse, aka haɗa da batura huɗu, kayan da Alhaji ya shekara biyu yana kai baƙi gona don su gani su yaba. Yahya mai gadi ya dawo da sallayarsa a kafaɗa, ya tarar da ɗakin injin a wangale, wayoyi suna reto.

Kafin hantsin Asabar, mutanen unguwar Alhaji a Daura sun gama shari'a a bakinsu, sun yanke hukunci, saura ɗauri. Kuma a gaskiya ba su rasa abin kamawa ba. Sawun tayar da aka gani a gonar faɗinsa ya kai faranti, mota ɗaya ce a wannan yanki mai irin wannan taya, wato baƙar jif ɗin Alhaji da kansa, wadda ya bari a gareji ya tafi Kano a ƙaramar mota. A ƙofar ɗakin injin ga sawun takalmin roba mai faci a dugadugin hagu, irin wanda Harisu direba yake sawa in zai wanke mota. Da aka je gidan Harisu kuma, sai ga jarka rabi da fetur a bayan ƙofa. Aka tambaye shi inda yake ranar Juma'a, ya ce yana kwance da zazzaɓi, ko masallaci bai je ba. Shaidarsa matarsa. Aka tambaye shi maganar jarka, ya sunkuyar da kai.

To, jarkar nan ita ta fi komai yi masa illa, domin maganar mai tsakaninsa da gidan Alhaji tsohuwa ce. Tun da fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, Alhaji ya fara duban allurar tanki fiye da yadda yake duban hanya. Harisu ya ce masa motar nan, a irin hanyoyinmu, ga yashi ga rami ga sanyin iyakwandishan da ba a kashewa, lita ashirin da wani abu take sha a kilomita ɗari. Sai Musaddiq, babban ɗan Alhaji da ya gama jami'a yana zaune yana jiran aiki, ya buɗe waya ya nuna wa uban takardar kamfanin da ya ƙera motar: lita goma a kilomita ɗari. Ya ƙara da kalmarsa ta kullum, wadda ko shinkafa ce ta yi gishiri sai ya kawo ta: ai a rubuce yake. Daga ranar Alhaji ya sa doka, in za a fita a auna tafiyar, a zuba daidai abin da takarda ta ce, ba ɗigo a kai. Gona da dawowa kilomita casa'in ce, saboda haka lita goma, wai har da alheri. Abin mamaki, ban da sau ɗaya a makon farko, motar ta ci gaba da zuwa tana dawowa. Musaddiq ya ce ka gani ko, Alhaji ya ce ya gani, unguwa kuma ta ce ashe da can Harisu shan man yake yi.

Mai unguwa ne ya tsaya, ya roƙi Alhaji kada a kai maganar wurin 'yan sanda sai Litinin bayan la'asar. Alhaji ya yarda da ƙyar.

*

Safiyatu, uwar Harisu, ba ta jira kowa ba. Ta hau motar haya har garin Babban Mutum, ta sauka a ƙofar yayanta Audi, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka kafin ta gaishe shi.

Audi mai bin sawu ne, kamar ubansa. Ya haura sittin, dogo, busasshe, kullum idonsa a ƙasa, har wanda bai san shi ba ya ɗauka kunya gare shi. Ba kunya ba ce, karatu yake yi. Daga Baure har tsallaken iyaka, in saniya ta ɓace ko an fasa rumbu, shi ake aiko wa babur. Kuma ana jin tsoronsa, don ya taɓa bin sawun tumaki bakwai har ƙofar gidan surukinsa, ya yi sallama ya ce a fito da su.

Ya bar ta ta gama kukan, ta ba shi labari duka. Sannan ya ɗauki sandarsa, wata siririyar sanda mai tsaga-tsaga da yake auna taku da ita.

"Zan je," ya ce. "Amma ki ji ni da kyau, Safiyatu. In sawun ya tsaya a kan Harisu, da bakina zan faɗa a gaban jama'a."

Ta ce ta ji. Shi kuwa a ransa yana jin tsoron abin, don Harisu a hannunsa ya tashi, shi ya fara ɗora shi a kan jaki.

*

Alhaji Nu'uman ya karɓe shi a falo, cikin mutunci amma fuska a ɗaure. Ya ce ba injin ne ya fi ƙona masa rai ba, amana ce. Shekara goma sha ɗaya Harisu yana tuƙa shi. Makullin jif biyu ne, ɗaya a hannun Harisu, ɗaya a aljihun tebur a ɗakin Alhaji. Musaddiq yana gefe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce shi ranar Juma'a yana Mashi wurin ɗaurin auren abokinsa, da yana gari da hakan ba ta faru ba. Ya kuma yi murmushi ya ce yana fata Baba Audi ba zai manta da cewa ƙasa ba ta san ɗan ƙanwa ba. Audi ya dube shi sau ɗaya, daga ƙafa ya fara, ya ce a nuna masa gareji.

Garejin a bayan gida yake, da ƙofarsa ta lungu, gabansa wani ɗan fili mai yashi da katanga ta kewaye. Rabon da a yi ruwa tun Talata, ƙasa ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. Audi ya ce kowa ya tsaya a baya, ya tsuguna. Sawun silifas ɗin Harisu ne ko'ina, ba abin mamaki. Amma akwai layi biyu na ranar Laraba, jajibirin zuwan Alhaji gona na ƙarshe, da suka tsayar da shi. Na shiga, ƙafar dama ta nutse, takun ya gajarce, kafaɗa ta karkata, mutum ne ɗauke da kaya mai nauyi a hannun dama. Kusa da inda murfin tankin jif yake tsayawa, ga zanen gindin jarka a yashi. Na fita kuma sakayau, taku dogo, ƙafa biyu daidai.

Audi ya daɗe a tsugune. Ya ga ɓarayin mai a rayuwarsa, duk da jarka fanko suke shiga su fito da nauyi. Bai taɓa ganin wanda yake shiga da nauyi ya fito hannu sake ba. Ya kifa wani tsohon daro a kan zanen, ya ce kada a taɓa.

*

Harisu yana zaune a tsakar gida, ya rame a kwana biyu, idonsa ja. Ya durƙusa ya gaida kawunsa. Da Audi ya tambaye shi jarkar, sai ya ce wallahi Kawu bai ɗauki injin kowa ba, bai kuma taɓa zuƙar man kowa ba, sauran maganar a bar ta. Audi ya matsa, ya ƙi. Kafiya irin ta ubansa, Allah ya jiƙansa.

Barakatu ce, matarsa, ta yar da muciya ta fito daga kicin. Ta ce Harisu ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba, amma ita yau ta zaɓi ta yi kaffara. Ta ce Kawu ya duba turken can, awaki uku ne a da, yanzu igiya. Ya duba ɗaki, keken ɗinkinta ya tafi tun watan azumi. Duk sun shiga cikin tankin Alhaji. Makon da aka fara awon nan, motar ta mutu a hanyar gona da Alhaji da baƙinsa a ciki, Alhaji ya zage shi tas a gaban mutane, ya kira shi ɓarawo. Ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ce motar nan ba za ta ƙara mutuwa a hannunsa ba. Tun daga ranar, duk jajibirin tafiya sai ya sayi mai da kuɗinsa, ya kai gareji a ɓoye ya ƙara.

Haushi da tausayi suka haɗe wa Audi. Ya ce wa Harisu wannan ba amana ba ce, wauta ce, kuma wautar ta kusa kai shi kurkuku. Harisu ya ce to ya zai yi, ya ce ɗan Alhaji maƙaryaci ne? Ai Musaddiq bai yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ya karanta. Sai dai waɗanda suka rubuta ɗin a kan kwalta mai santsi suka gwada, ba su taɓa ganin hanyar gonar Alhaji ba.

Audi ya san wannan duka ba zai wanke shi ba. Maganar mata ce a kan mijinta, da zanen jarka a yashi. Mai son musu zai ce to shi ke nan, talaucin da ya jawo wa kansa ne ya sa ya saci injin. Dole a samo wanda ya tuƙa motar ranar Juma'a.

*

Lahadi da sassafe Audi ya sauka a gona. Yahya mai gadi ya tarbe shi a tsorace, don shi ma an fara cewa da haɗin bakinsa, wai me ya sa ya bar gona tun ƙarfe ɗaya bai dawo ba sai kusan huɗu. Audi ya bi sawun kekensa, ya ga ya je masallaci, daga nan ya ratse gidan wata bazawara mai sayar da fura, keken ya jima a jingine a can. Ya dawo ya ce wa Yahya laifinsa ba na hukuma ba ne, tsakaninsa da uwargidansa ne. Yahya ya yi ta godiya kamar an ba shi kujerar Makka.

Sawun takalmin roban na Harisu ne, faci da komai, ba musu. Amma takalmin a bayan jif yake kwana, kowa ya buɗe zai same shi. Audi ya ɗora sandarsa tsakanin taku da taku, ya ga ya gaza na Harisu da tsaga biyu. Ƙafar da ke ciki ma ba ta cika takalmin ba, tana zamewa, dugadugi yana jan ƙasa, sannan ta hagu tana buɗewa waje. Ya ji sanyi a ransa, ya yi hamdala a hankali. Ba Harisu ba ne. Sai dai wannan karatu ne da shi kaɗai ya iya, kuma za a ce kawu ne ya karanta.

Maimakon ya bi motar gaba, sai ya bi ta baya, ya ga ta ina ta zo. Ba kai tsaye ta shigo gona ba. Ta ratse ta bayan wata gonar dawa ta laɓe a ƙarƙashin tsamiya, inda ake hango ƙofar gonar Alhaji ba a hango ka. Tayoyin sun zauna sosai a nan. Tsakanin na gaba biyu, ɗan dama kaɗan, akwai wani ɗan rami kamar bakin kofi, gefensa ya daskare, tururuwa sun kewaye shi. Ramin ɗigon ruwa ne. A wannan lokaci na ƙarshen damina da iska take da laima, motar da aka kunna wa sanyi tana ɗigar da ruwa a ƙasa, kuma kafin ɗigo ya haƙa rami irin wannan sai an yi awa biyu ko fiye. A bayan motar, ciyawar da ke daidai bututun hayaƙi ta yi baƙi ta kwanta. Babu sawun ƙafa ko ɗaya a kewaye.

Wato mutumin ya zauna a ciki, inji a kunne, sanyi na busa shi, yana jiran mai gadi ya tafi masallaci. Audi ya yi dariya shi kaɗai. Harisun da in ya kai Alhaji wuri yake kashe mota ya shimfiɗa kwali a inuwa, Harisun da awakinsa ke cikin tanki, shi zai ƙona mai awa biyu don kada ya yi gumi? Ai ko a mafarki.

Daga gona motar ba ta koma ta burji, titin tsakuwa da aka saba bi ba, sai ta bi burtalin shanu don kada a gan ta. Yashi zalla. Audi ya bi a ƙafa, rana tana dukansa, rigarsa ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Yahya ya ce ya tsaya a nemo babur, ya ce a kan babur ba a karatu. Yana gani inda tayoyi suka yi ta haƙa, direban yana taka wuta inda mai hankali zai lallaɓa, yashi ya watsu baya kamar an yi shiƙa. Ya yi azahar a gindin wata kuka, ya sha ruwa a wurin wasu Fulani, ya ci gaba. Gwiwarsa ta dama da ta saba damunsa ta fara magana, ya ce mata ta bari sai Litinin.

Gab da la'asar ya iso wurin. A tsakiyar burtali, ba inuwa ba komai, sawun ya yi 'yar tangarɗa ya tsaya. Ba wanda zai zaɓi ya tsaya a nan da kayan sata a mota. Ga sawun babur ya zo ya tsaya daidai gilashin direba, ya tafi, ya dawo da nauyi. Ga gindin jarkoki biyu, ga tabon fetur a yashi, har yanzu in ka kai hanci za ka ji. Motar ta mutu ne, mai ya ƙare.

Tayar babur ɗin ta baya ta cinye a gefe guda, ba ta da wuyar bi. Ta kai shi wani ɗan ƙauye, har ƙofar wani ɗan acaba mai suna Sharu.

Sharu ya ce ƙwarai, ya taimaki wata baƙar jif ranar Juma'a. Fuska kam bai gani ba, gilashin baƙi ne, kuma ɗan kaɗan aka sauke, hannu kawai ya fito da kuɗi, hannu mai laushi da zoben azurfa. Shi ya sayo man, shi ya zuba, mutumin bai taka ƙasa ba. Amma fa ya sha surutu. Mutumin yana ta zagin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a jarka a bakin hanya, wai sun cuce shi a awo, lita goma sha biyar ya biya, kuma sha biyar ta isa ta kai shi ta dawo da shi har da saura. Sharu ya ce shi dai ya ce masa yallaɓai, wannan giwar ai sha biyar kurkure baki ne a wurinta, sai mutumin ya daka masa tsawa ya ce me ya sani, ai a rubuce yake.

Audi ya zauna a kan wani turmi da ke kife, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Bai ji daɗi ba. Ya samu abin da ya zo nema, amma ya san gidan da zai kai shi.

*

Litinin kafin la'asar Audi ya sa aka share ƙofar gidan mai unguwa, aka yayyafa ruwa, ya zauna a gefe kamar mai hutawa yana kallon masu shigowa. Alhaji ya zo, Musaddiq na biye. Yahya ya zo. Harisu ya zo a ƙarshe, ya zauna can nesa kusa da takalma. Dattawan unguwa sun cika tabarma, an ajiye jarkar Harisu a tsakiya a matsayin shaida. Sharu, da Audi ya gayyato, yana bayan mutane, ba wanda ya san shi balle ya kula.

Audi bai yi dogon bayani ba. Ya ce tambaya ɗaya gare shi ga mutum uku: jif ɗin Alhaji, daga nan zuwa gona da dawowa, lita nawa za ta sha? Yahya ya ce shi keke gare shi. Harisu, kansa a ƙasa, ya ce ta burji ashirin da biyu, in ta burtali ce da kaya a baya kuwa kada a tashi da ƙasa da talatin da biyar. Musaddiq ya yi dariya, ya juya yana neman idon dattawa, ya ce to ga shi sun ji da kunnensu, har yau bai daina ba. Tara ce, a cika ta goma.

Audi ya ce in mutum ya zuba sha biyar fa?

"Ta kai shi ta dawo da shi har da saura," in ji Musaddiq. "Ai a rubuce yake."

Sharu ya miƙe daga baya, ya ce ranka ya daɗe, wannan ita ce muryar, ga ma zoben can.

Audi ya ba da labarin tsamiya da ramin ɗigo, da burtali, da inda motar ta mutu. Sannan ya tashi ya ɗora sandarsa a kan sawun da Musaddiq ya bari a jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙofar gida, ya ce duk mai ido ya zo ya ga ƙafar hagu yadda take buɗewa, gobe kuma a je gona a gwada. Ya ce shi bai zo da wannan don a yarda da shi ba, tunda an ce kawu ne. Abin da yake so dattawa su auna ɗaya ne: wanda ya ɗauki motar nan mutum ne da ya yarda har zuciyarsa cewa lita goma sha biyar za ta ishe shi. A duk Daura, mutum ɗaya ne ba zai taɓa yin wannan kuskuren ba, shi ne wanda aka ce ya yi satar.

Alhaji ya kira sunan ɗansa sau ɗaya, a hankali. Sai Musaddiq ya zame daga kan tabarma ya dafe kai, ya ce kayan suna Mashi a shagon wani abokinsa, ba a sayar ba tukuna. Wai jari yake nema, ya gaji da zama.

Alhaji bai dube shi ba. Ya tsufa a wurin, a gaban idon kowa. Can ya juyo ga Audi, murya a dushe, ya ce akwai abin da bai gane ba. Wata biyar ke nan da lita goma motar take kai shi gonar nan ta dawo da shi, da idonsa yake ganin ana zubawa. Da me take dawowa?

Audi ya nuna jarkar da sanda. Ya ce akwai daro a kife a gaban garejin Alhaji, in ya koma ya ɗaga ya gani: sawun shiga da nauyi, sawun fita ba komai. Ya ce awaki uku da keken ɗinki na gidan Harisu ne suke dawo da Alhaji gida. Kuma su ne suka sa ɗansa ya gaskata takardarsa, har ya shiga daji da lita sha biyar.

Wani dattijo ya yi salati. Alhaji ya daɗe yana kallon jarkar. Sannan ya laluba aljihu ya fito da makullin da aka karɓe daga hannun Harisu ranar Asabar, ya tashi da kansa, ya taka har wurin takalma inda Harisu yake, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Harisu," ya ce, "lita nawa take sha?"

"Abin da na gaya maka tun farko, Alhaji."

Alhaji ya ce ya yafe masa don Allah, za a mayar da awaki da keke, har da ƙari. Harisu ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma da gaske yake, an ji a muryarsa. Amma bai miƙa hannu ga makullin ba. Audi yana kallonsa, bai sa baki ba, ko da mai unguwa ya yi masa ido.

"Jarkata kawai nake so, Alhaji," in ji Harisu. "Akwai sauran mai a ciki. Zan kai Kawu gida."

Ba wanda ya hana shi. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya sa silifas ɗinsa, ya nufi inda ya jingine tsohon babur ɗinsa. Audi ya yi sallama da dattawa ya bi bayansa yana ɗingishi, idonsa a ƙasa don sabo. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasar sawun Harisu ya fito sarai, ƙafar dama ta nutse, kafaɗa a karkace, wannan karon da nauyin ya fita.